FASHIN BAƘI: Aikin da barkwanci ke yi wa ɗalibi a lokacin jarrabawa, da inda ƙarfinsa ke ƙarewa

Daga watan Afrilu zuwa Yuli na kowace shekara, miliyoyin matasan Najeriya kan shiga jerin jarrabawoyin da ake ɗauka su ne ƙofar rayuwa: ta neman shiga manyan makarantu wadda hukumar JAMB ke shiryawa, sai ta WAEC, sannan ta NECO. A jami'o'i da kwalejoji kuwa, kowane zangon karatu yana ƙarewa da makonnin da ɗalibai ke kwana a aji. A daidai waɗannan lokuta ne zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, TikTok da X ke cika maƙil da barkwanci.

Sigogin barkwancin sanannu ne. Akwai na ɗalibin da ya haddace babi takwas, malami ya ɗauko tambayoyinsa duka daga babi na tara. Akwai na wanda bai gama cike shafin farko ba, sai ya ji na kusa da shi ya ɗaga hannu yana neman ƙarin takarda. Akwai na wanda ba a gan shi a masallaci da asuba ba tun farkon zango, amma a makon jarrabawa shi ne a sahun farko. Akwai kuma na fitowa daga ɗakin jarrabawar lissafi, kowa na cewa amsa 24 ce, wani kuma ya tuna cewa shi sunan gari ya rubuta.

Manya da dama suna kallon wannan a matsayin shiririta da alamar rashin mayar da hankali. Binciken masana halayyar ɗan Adam bai goyi bayan wannan zato ba, domin ya nuna cewa dariya tana rage tsoro, tsoro kuwa yana cikin abubuwan da ke kayar da ɗalibin da ya yi karatu. Sai dai binciken ya kuma nuna cewa dariya iri-iri ce, wata magani, wata cuta. Sannan abin da ya faru a jarrabawoyin 2025 ya ƙara wani darasi da babu shi a littattafan masanan: wani kaso na fargabar ɗalibin Najeriya hukumomi ne ke haddasa shi, kuma wannan kaso dariya ba ta maganinsa.

Nauyin da ke kan ɗalibi

Kafin a gane barkwancin, sai an gane abin da ake yi wa dariyar. Jarrabawar JAMB tana ƙunshe da tambayoyi 180 a darussa huɗu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, kuma awa biyu ake bayarwa. Idan aka raba, kowace tambaya na da daƙiƙa 40. Tun daga 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya, alhali akwai ɗaliban karkara da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba sai a makonnin shirin jarrabawar. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, sakamakonta kuma na shekara ɗaya ne. Wanda ya faɗi, ko ya ci amma bai samu gurbi ba, sai ya sake biyan kuɗi ya jira baɗi.

A 2025 kimanin ɗalibai miliyan 1.95 ne suka zauna jarrabawar, kuma fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Bayan JAMB akwai sharaɗin samun kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, sannan akwai tantancewar da kowace jami'a ke yi wa masu neman shigarta. Wanda ya tsallake duk waɗannan sai ya tarar da wani sabon zullumi a jami'a: kari-oba, wato maimaita darasin da aka faɗi, da sifil-oba, wato ƙarin shekara bayan abokan karatu sun kammala, da ɓacewar sakamakon jarrabawar da mutum ya tabbata ya rubuta.

A bayan kowane ɗalibi kuma akwai gida. Akwai uban da ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin rajista, da uwar da ta shiga adashe saboda kuɗin makaranta, da ƙannen da ke jiran a gama da babba kafin a waiwaye su. Ga 'ya mace, faɗuwa sau ɗaya ko sau biyu na iya zama ƙarshen karatun baki ɗaya. Saboda haka ɗalibin da ke zaune gaban takarda ba tambayoyin kawai yake gani ba.

Abin da tsoro ke yi wa ƙwaƙwalwa

Idan mutum ya ji yana cikin haɗari, jiki yakan saki sinadaran adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, tafin hannu ya yi gumi, baki ya bushe. Wannan shiri ne na gudu ko faɗa, kuma jiki ba ya bambance tsakanin maciji da takardar jarrabawa. Kaɗan daga cikin wannan yanayi yana da amfani, don yana wartsakar da mutum. Tun a 1908 wasu masana biyu 'yan Amurka, Robert Yerkes da John Dodson, suka yi gwajin da daga baya aka gina ƙa'ida a kansa: ƙwazo yana ƙaruwa tare da matsin lamba har zuwa wani mataki, daga nan sai ya fara raguwa, musamman a aikin da ke buƙatar tunani mai zurfi.

Dalilin raguwar yana da alaƙa da wani sashe na aikin ƙwaƙwalwa da za a iya kwatanta shi da allon almajiri. A kansa mutum ke riƙe lambobi da matakan lissafi na ɗan lokaci yayin da yake warware tambaya, ya wanke, ya sake rubuta wasu. Allon ƙarami ne. Idan tunanin abin da za a ce a gida ya cinye rabinsa, rabin da ya rage ba zai ishi lissafin ba. Wannan ne ya sa ɗalibi kan manta abin da ya sani sarai a cikin ɗakin jarrabawa, ya kuma tuna da shi yana fitowa bakin ƙofa. Ilimin yana nan, wurin baje shi ne ya cunkushe.

Wani bincike da Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago suka wallafa a mujallar Science a 2011 ya ƙarfafa wannan bayani. Sun sa wasu ɗalibai su ɗauki minti goma kafin jarrabawa su rubuta abin da ke damun su game da ita. Ɗaliban da aka san su da tsananin fargaba sun fi samun maki idan suka yi wannan rubutu, a kan takwarorinsu da ba su yi ba. Abin da aka fitar daga zuciya aka ajiye a waje ya daina cin wuri a allo.

Inda dariya ke shigowa

Barkwancin jarrabawa yana yin aiki makamancin wannan. Wanda ya mayar da tsoronsa abin dariya ya riga ya ambace shi, ya ɗan ja baya ya kalle shi daga nesa. A 1993 Nicholas Kuiper da Rod Martin da Joan Olinger, masana a Jami'ar Western Ontario da ke Kanada, sun bi diddigin wasu ɗalibai kafin wata jarrabawa da kuma bayanta. Sun gano cewa waɗanda suka saba amfani da raha wajen fuskantar matsala sun fi kallon jarrabawar a matsayin ƙalubalen da za a iya tunkara, kuma bayan fitowar sakamako sun fi daidaita tsammaninsu na gaba da abin da suka samu a zahiri.

Akwai kuma ɓangaren jiki. Robin Dunbar na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 2011 da ya nuna cewa mutanen da suka yi dariya tare yayin kallon wasan barkwanci sun fi jure zafi bayan haka, a kan waɗanda suka kalli shirin da ba na dariya ba. Sun danganta hakan da sinadarin endofin, wanda jiki ke saki don rage raɗaɗi. Wani gwaji da Lee Berk na Jami'ar Loma Linda a Amurka ya jagoranta a 1989 ya nuna raguwar kotizol a jinin waɗanda suka kalli bidiyon ban dariya. Ana yawan ambaton wannan gwaji, amma ya kamata a san cewa maza goma kacal aka yi shi da su, don haka ba hujja ce da za a ɗora mata kaya mai nauyi ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne cewa dariya abar tarayya ce. Robert Provine na Jami'ar Maryland, wanda ya shafe shekaru yana nazarin dariyar mutane a wuraren taruwarsu, ya ƙiyasta cewa mutum ya fi yin dariya a cikin jama'a sau talatin a kan lokacin da yake shi kaɗai, kuma mafi yawanta ba ta biyo bayan wata magana mai ban dariya ta musamman. Saƙo ce tsakanin mutane cewa ana tare. Ɗalibin da ya tura hoton barkwanci a zauren ajinsu da ƙarfe biyu na dare, ya ga mutum ashirin sun amsa, ya samu labarin da littafi ba zai ba shi ba: ba shi kaɗai ne idonsa biyu ba, ba shi kaɗai ne bai gane babi na tara ba. Fargabar jarrabawa takan yi ƙiba ne idan mutum ya zaci kowa ya shirya sai shi.

Tsohuwar dabara a ƙasar Hausa

Bahaushe bai jira masana ba kafin ya san amfanin wasa a wurin da ake tsoron rikici. Akwai wasan taubasai, da na jika da kaka, da na garuruwa da ƙabilu, irin na Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta barkwancin zumunta a Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya, bisa rawar da take takawa wajen sasanta mutane. Tashe a watan azumi da wasannin 'yan kama su ma hanyoyi ne da al'umma ta ware don faɗin abin da ke da nauyin faɗi kai tsaye.

Abin lura a wannan al'ada shi ne tana da doka. Wanda aka tsokana yana da ikon ramawa, an san wanda ake wasa da shi da wanda ba a yi, kuma akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Taubashi yana zolayar taubashinsa a kan rowa ko ci, amma ba ya zolayarsa ranar da aka yi masa rasuwa. Wannan doka ce takan ɓace idan wasa ya koma intanet, inda mutum dubu za su iya taruwa a kan mutum ɗaya da ba su taɓa gani ba.

Dariya iri huɗu

A 2003 Rod Martin da abokan aikinsa sun fitar da wani ma'auni da ya kasa salon barkwanci gida huɗu, wanda har yau ake amfani da shi a bincike. Kowane ɗaya yana da misali a harabar makaranta.

Na farko shi ne barkwancin haɗa kai, wanda ake yi don kowa ya yi dariya tare, kamar zolayar tsawon manhaja ko zafin ɗakin jarrabawa. Na biyu shi ne na ƙarfafa kai, wato mutum ya iya hango abin dariya a cikin halin da yake ciki ko da shi kaɗai ne, kamar wanda wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar karatu ya ce ko kamfanin lantarki ya ga ya kamata ya huta. Binciken ya danganta waɗannan biyun da natsuwa, da ganin ƙimar kai, da kyakkyawar mu'amala.

Na uku shi ne na cin fuska, inda ake dariya a kan wani: karanta makin wanda ya faɗi da ƙarfi a gaban allon sanarwa, laƙaba wa mai maimaita aji sunan “kakan ɗalibai”, ko yaɗa hoton sakamakon wani a zaure. Hausawa sun ce haƙorin dariya shi ke cizo. Na huɗu shi ne na kushe kai, inda mutum ke mayar da kansa abin dariya fiye da kima don a karɓe shi, ko don ya ɓoye abin da ke cin sa. Wannan na huɗun ne binciken ya fi dangantawa da damuwa mai tsanani, da fargaba, da raina kai.

Bambanci tsakanin na biyu da na huɗu siriri ne, amma ana iya gane shi. Ɗalibin da ya ce wannan darasi ya sha shi yau, ya yi dariya ya koma kan littafi, yana magana ne a kan abin da ya faru. Wanda kullum barkwancinsa shi ne cewa shi daƙiƙi ne, kansa ba ya ja, asarar kuɗin makaranta ne, yana yanke wa kansa hukunci ne, kuma yawan maimaitawa kan sa ya gaskata. Ya kamata a lura cewa irin wannan bincike alaƙa yake nunawa tsakanin abubuwa biyu, bai tabbatar da wanne ke haifar da wanne ba. Duk da haka, a matsayin alama ga abokai, yana da amfani.

Akwai wata illar da ba ta cikin rabon Martin: barkwanci na iya zama mafakar gudun karatu. Minti goma na dariya tsakanin awa biyu na bita hutu ne. Awa uku a TikTok ana kallon bidiyon yadda wasu ba su yi karatu ba, wannan jinkiri ne da ya sa rigar hutu. Haka nan alfahari da kwana a aji har asuba, wanda ya zama abin raha a jami'o'i, yana cin karo da abin da aka sani game da barci, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya da rana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Siyasar da ke cikin barkwancin

Wanda ya tattara barkwancin ɗaliban Najeriya ya karanta shi a tsanake zai ga cewa rabinsa ba a kan ɗalibai yake ba, a kan tsarin ne. Zancen cewa digiri shekara huɗu ne “da abin da ASUU ta ƙara” ya samo asali ne daga yajin aikin wata tara a 2020, da na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Bayan kowane yajin aiki akan matse zangon karatu, a koyar da aikin wata huɗu a 'yan makonni, sannan a yi jarrabawa a kan duka. Shekarun da suka salwanta kuma suna da farashi, tunda wanda ya haura shekara 30 kafin kammalawa ba ya zuwa hidimar ƙasa, kuma kamfanoni da yawa suna sa iyakar shekaru a tallar aiki. Shi ma tsohon zancen nan da ake jingina wa wasu malamai, cewa makin A na Allah ne, B na malami, ɗalibi ya nemi nasa daga C, hoto ne na ikon da ba shi da mai tsawatarwa, a wurin da neman a sake duba takarda kan zama jan faɗa.

Masanin zamantakewa Ebenezer Obadare, a littafinsa na 2016 kan barkwanci da shiru a rayuwar jama'ar Najeriya, ya nuna cewa raha hanya ce da talaka ke bi ya faɗi ra'ayinsa a kan masu iko idan sauran hanyoyi sun toshe. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Amma tun a 1978 Fela Kuti ya fitar da faifan da sunansa ke nufin ana shan wuya ana murmushi, yana sukar yadda jama'a ke sabawa da wahala. Duka fuskokin biyu gaskiya ne, kuma shekarar 2025 ta nuna su a fili.

Da alƙaluman JAMB suka fito a farkon watan Mayu, hukuncin farko a kan ɗalibai ya faɗa. An yi ta barkwanci a kan 'yan zamanin TikTok da ba sa karatu. Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ce ƙarancin makin shaida ce cewa matakan hana satar amsa suna aiki. Amma dubban ɗalibai da iyaye suka ƙi yin shiru. Suka fito a shafukan sada zumunta ƙarƙashin maudu'in da ke cewa “wannan ba sakamakona ba ne”, suna wallafa makin da suka samu a shekarun baya kusa da na bana, ana tattara ƙorafe-ƙorafe wuri guda, ana barazanar zuwa kotu. Ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida a Bwari, ya amsa cewa an samu kuskure a na'urori, ya nemi afuwa har da hawaye. Kuskuren ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas, kuma aka sa su sake rubutawa cikin 'yan kwanaki.

Makonni biyu bayan haka, ranar 28 ga Mayu, takardar Turanci ta WAEC ta yi jinkirin isa cibiyoyi da dama har dare ya yi. Bidiyon yara suna rubuta jarrabawa da tocila da fitilar waya ya karaɗe ƙasar. Hukumar ta nemi afuwa, ta ce ƙoƙarin daƙile fitar tambayoyi ne ya jawo jinkirin, kwamitin Majalisar Wakilai kuma ya gayyace ta ta yi bayani. A watan Agusta WAEC ta sanar cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Kwanaki kaɗan bayan haka ta amsa cewa an yi kuskure wajen duba wasu takardu, adadin ya koma kashi 62.96.

A duka lokutan an yi barkwanci mai yawa, kuma ya taimaka wajen yaɗa labarin. Amma abin da ya sa hukumomin suka sake duba aikinsu shi ne alƙaluma, da hujjoji a rubuce, da matsin lambar da ba ta lafa ba. Da a ce an tsaya a dariya, da ɗalibai kusan dubu 380 sun tafi gida da yaƙinin cewa su ne suka gaza. Haɗarin barkwanci a siyasance ke nan: yana iya mayar da gazawar hukuma ta zama kamar zafin bazara, abin da ake yi wa raha a jure, ba abin da wani mai suna da ofis zai amsa tambaya a kansa ba.

Inda dariya ba ta kaiwa

A cikin kwanakin da ke tsakanin fitowar sakamakon JAMB da amsa kuskuren, jaridu sun ruwaito mutuwar wata ɗaliba 'yar shekara 19 a Legas, wadda danginta suka ce ta kashe kanta saboda baƙin cikin makin da ta samu. Wannan ne ƙarshen da ake tsoro, kuma sau da yawa ba ya zuwa da sanarwa. Wanda ya fi kowa ban dariya a zaure yana iya zama wanda ya fi kowa shiga ƙunci.

Alamomin da likitoci ke cewa a kula da su sun haɗa da rashin barci ko rashin cin abinci na kwanaki da yawa, janyewa daga mutane, daina sha'awar abin da aka saba so, komawa ga ƙwayoyi don karatu ko don barci, da maganar mutuwa ko ta cewa gara babu mutum, ko da cikin wasa aka yi ta. Irin wannan wasa ba a amsa shi da sitikar dariya. Ana kiran mutum gefe a tambaye shi kai tsaye, a saurare shi, a kuma haɗa shi da wani babba da ya amince da shi ko ma'aikacin lafiya.

A nan ma akwai giɓin da ke wuyan gwamnati. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, da sashe na 327 na Criminal Code a Kudu, sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, tanadin da likitoci suka daɗe suna cewa yana hana mutane neman taimako. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sassan kula da ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Jami'o'i da yawa suna da ofishin ba da shawara ga ɗalibai, ko da yake ɗalibai da dama kan kammala ba su san ƙofarsa ba.

Abin da ya rage ga kowa

Ga ɗalibi, abin da binciken ke nunawa a taƙaice shi ne a yi dariya a kan halin da ake ciki, tare da waɗanda ake cikinsa da su, a lokacin da aka ware mata. A guji mayar da wanda ya faɗi abin nishaɗi, a kuma lura da barkwancin da kullum mai yin sa ne abin yanka. Ga iyaye da malamai, raha a bakin ɗalibi ba shaidar sakaci ba ce, sau da yawa ita ce hanyar da yake riƙe kansa. Malamin da ya sassauta fuska kafin raba takarda bai rage wa jarrabawa daraja ba.

Ga hukumomi kuwa, barkwancin ɗalibai rahoto ne kyauta a kan inda ɗaki ke yoyo. Tambayoyin da ke ƙarƙashinsa a bayyane suke: wane ne aka hukunta bayan kura-kuran 2025, wace hanya ɗalibi zai bi ya ga takardarsa idan bai yarda da makinsa ba, kwana nawa doka ta ba jami'a ta nemo sakamakon da ya ɓace, kuma nawa aka ware wa ofisoshin ba da shawara a kasafin kuɗin makarantu. Ƙungiyoyin ɗalibai, da 'yan majalisa, da 'yan jarida suna da hurumin neman amsoshin waɗannan a rubuce, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar aika irin wannan buƙata ga hukumar gwamnatin tarayya, wadda doka ta ba ta kwana bakwai ta amsa. Matasan da suka iya haɗa hoton da zai zagaye ƙasa cikin awa ɗaya ba za su kasa rubuta wannan takarda ba kafin jarrabawar baɗi ta zo.